Kan gitarka ya karye? Kar ka zuba mishi super glu, ga yadda ake gyaranshi

Bara da hunturu wani ƙanena da muke kiɗa tare ya jingina gitarshi ta lantarki jikin ampli wurin wani biki a unguwar Zariya, ya tahi shan ruwa, yaro ya gitta ya ja waya da ƙafa, sai ji muka yi ƙas. Kan gitar ya tsage daidai bayan ɗan farin ƙashin nan da tsirkiyoyi ke hawa kai. Wallahi yaron nan kamar ya yi kuka, don ya fi shekara shina tara kuɗinta. Abin da ya fi ɓata min rai ba karayar ba ce, abin da ya biyo baya ne. Gari na wayewa ya tahi shago ya sayo super glu kwaya uku ya ɗura cikin tsagar, ya kai ma wani kafinta ya ƙara mishi kusa biyu, sati biyu ba a yi ba kan ya sake ɓallewa a wuri guda, kuma yanzu katakon ya sha kol, wato gam, ya ƙandare kamar gilashi ga ramun kusa. Aikin da zai ɗauki awa guda da an kawo shi da fari sai da ya ci min kwanaki ina kankara.

Shi ya sa nike son duk mai gita a Maradi ya riƙe wannan: gyaran farko shi ne gyara. Kol ɗin katako katako yake kamawa, ba ya kama tsohon kol. Karayar da ba a taɓa ba tana da haƙora dubu da za su koma cikin juna daidai, kana zuba mata abin da bai dace ba ka toshe haƙoran nan, kuma ba su dawowa.

Mi ya sa nan wurin ke karyewa kullum? Ka ɗauki gita irin Les Paul ko SG na kamfanin Gibson ka dube ta daga gefe, za ka ga kan ya kwanta baya, na Gibson digiri 17 ne, na Epiphone 14. Gibson daga gungume guda suke sassaƙo wuya da kai, to zaren katakon shina bin tsawon wuya, da ya iso inda kai ya lanƙwasa sai zaren ya zama gajere, kamar ka sassaƙa gwiwa daga miƙaƙƙen icce. Ƙari a kan haka daidai wurin ne aka rarake don goro, wato noti, na sandar ƙarfen nan da ke cikin wuya, wadda ake ɗaurewa da kile, wato sifana, a miƙar da wuyan, wato inda ya fi kowane wuri rauni nan aka ƙara rage mishi nama. Ga tsirkiya shida suna ja dare da rana, saitin 10 zuwa 46 da galibinmu ke sawa jan da yake yi ya kai kusan kilo 45. Kusan nauyin buhun siminti ke nan rataye a ɗan wuri da bai fi kaurin yatsu biyu ba. Gibson da kansu sun san da matsalar, wajen 1969 suka fara barin ɗan tudu a bayan wurin don ƙara ƙarfi, daga baya suka daina. Katakon kuma mahogani ne, dangin madacin nan namu da ke bakin titi, shina da daɗin murya amma bai kai katakon mapul ƙarfi ba.

Irin su Stratocaster na kamfanin Fender kuwa kansu miƙe yake, mapul ne, da wuya ka ga ya karye, in ma ya karye bis huɗu, wato kusa mai zare, ke riƙe da wuyan, ka kwance ka sa wani. Sai dai ka auna, tsawon tsirkiyar Fender milimita 648 ne, na Gibson wajen 628, in ka sa wuyan da ba nashi ba sautin ba zai taɓa zama daidai ba. Wannan ke nan, mu koma ga masu kai kwantacce.

Minti na farko bayan karaya, ka sassauta tsirkiyoyin duka ka cire su, don muddin suna ɗaure suna ƙara yage tsagar. Kar ka sa yatsa ciki, zufa da maiƙon hannu suna hana kol kamawa. Kar ka yi ta haɗawa kana rabawa kana nuna ma abokai, kowace haɗawa tana karya ƴan haƙoran nan. Ka duba ƙasa da fitilar waya ka tsince duk wani ɗan ɓalli komi ƙanƙantarshi ka zuba cikin kwalin ashana. Sannan ka rufe kan da leda mai tsabta ka ɗaure, ƙurar hunturun garin ga kwana guda ta isa ta cika tsagar.

In hankali ya kwanta ka zauna cikin haske ka dubi irin karayar. In tsaga ce doguwa da ta bi zaren katako, kan na nan maƙale ta gaba shina buɗewa kamar bakin kada, ka gode ma Allah, wannan ita ce mafi sauƙi kuma kol kaɗai ya ishe ta. In kan ya cire gaba ɗaya amma karayar doguwa ce mai tsinke-tsinke, ita ma kol zai riƙe, wahalarta wajen matsewa ne. Wadda ke da wuya ita ce gajera, wadda ta yanke kai tsaye kamar an karya rake, babu faɗin da kol zai kama, sai an ƙara mata ƙashi, zan zo kanta. Akwai kuma gitocin da kansu haɗi ne tun daga masana'anta, an yanka katako biyu a karkace an manne, in wannan haɗin ne ya buɗe za ka ga fuskar sumul da tsohon kol a kai, sai ka kankare shi tas har katako ya fito kafin ka sa sabo.

Maganar kol, ko gam kamar yadda ƴan Najeriya ke cewa, nan ne mutane ke faɗuwa. Abin da masu gyaran gita suka fi amfani da shi shi ne Titebond Original, mai jan tambari, launinshi ruwan ƙwai-ƙwai, in ya bushe tauri yake yi sosai ba ya miƙewa. Ba kullum ake samunshi a babbar kasuwa ba, ni saƙo nike bayarwa ga masu zuwa Kano ko Yamai, kuma gara ka jira sati biyu gitar na cikin leda da ka yi gaggawa. Farin kol ɗin kafintoci na yau da kullum shina manne kujera lafiya lau, amma ko ya bushe shina da ɗan laushi kamar roba, in zafi ya haɗu da jan tsirkiya sai ya riƙa saki a hankali, mu kuma nan watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa. Ni ban yarda da shi a kan gita ba. Super glu kuma nan da nan yake bushewa, ba ya ba ka ko minti guda ka daidaita. Kol ɗin nan mai wari na masu gyaran takalmi kar ma ya zo kusa. Wanda ke kumfa in shina bushewa shi ma a'a, kumfar ba ta da ƙarfi. Araldite, wato mai tub biyu da ake gaurayawa, shina da wurinshi, in an rasa wani yanki na katako akwai giɓi, ko an taɓa ɓata karayar da wani kol kamar na ƙanen nan nawa, to shi ne magani, amma mai bushewa a hankali na awa 24, ba na minti 5 ba.

Kuma ko Titebond ɗin ne ka gwada shi tukuna, don kwalbar da ta daɗe cikin zafin shago tana lalacewa, in ka ga ya yi gudaji ko shina yauƙi kamar miyar kuɓewa ka yar. Ka manne ɓallin katako biyu ka matse, gobe ka sa guduma ka raba su. In katakon ne ya yage ya bar layin kol to kol ɗinka na da rai.

Sauran kayan aiki ba su da yawa. Abin matse katako na kafintoci guda biyu ko uku, wanda suke ce ma serre-joint, za ka iya aro wurin kafintan unguwa. Tsohon tub na babur da za ka yanka dogayen zirin roba. Sirinji sabo daga farmasi, ɗan buroshi siriri, allura, kyandir, salatif na takarda, tsumma mai tsabta da ruwa a kofi, leda, da ƴan guntayen katako da za ka sa tsakanin ƙarfen matsi da jikin gita, ka manna musu fata ko kwali mai kauri. Na gaba shimfiɗaɗɗe ne daidai faɗin fuskar kan, na baya ka ɗan rarake shi ya zauna kan zagayen wuya, in ba haka ba ƙarfen zai bar tabon da ya fi karayar muni.

Ka kwance kunnuwan ɗaure tsirkiya duka shida, galibi kile 10 ne ke kwance goron gaba da ƙaramin bis a baya, ka zuba su cikin kwano guda, ka cire ɗan murfin da ke rufe goron sandar ƙarfe. Yanzu wani abu da mutane ke mantawa, in kol ya shiga zaren goron nan ya bushe, wuyanka ya daina saituwa har abada. Ka goga kyandir a kan goron da zarenshi a tsanake, amma kar kakin ya taɓa katakon da za a manne, don inda kaki ya taɓa kol ba ya zama.

Sai gwajin busasshe, kuma don Allah kar ka tsallake shi, rabin aikin nan yake. Ka ɗauki allura ka bi cikin karayar, duk zaren katakon da ya lanƙwashe ya kwanta a gicciye ka miƙar da shi, wanda ya ƙi ka cire, tsinke guda ya isa ya hana tsagar rufewa. Kar ka sa sanfefa ciki, kar ka kankare komi, ƙaiƙayin nan shi ne ƙarfin haɗin. Sannan ka haɗa a hankali sau guda, ka sa guntayen katakonka, ka matse ba tare da kol ba, ka bi layin da farce. In ya rufe har farce bai kama komi ba, madalla. In akwai inda ya ƙi, kwance ka nemo abin da ya tokare. Ka maimaita har hannunka ya haddace wane matsi ke fara shiga, wane ke bi, ina za ka ajiye gitar, duk ka jera su inda hannu zai kai. Dalili, Titebond minti huɗu zuwa shida yake ba ka kafin ya fara kamawa, a busasshiyar iskarmu ma bai kai haka ba. Shi ya sa ni bayan sallar asuba nike yin wannan aikin, cikin ɗaki, panka a kashe, waya a kashe, da mutum guda da zai riƙe min jikin gitar.

Ranar da na fara irin wannan aikin wani dattijon kafinta da na aro matsi wurinshi ya ce min, yaro, kol in ya shiga tsakanin katako biyu santsi yake kamar an zuba kuɓewa, abin da ya zauna daidai a bushe zai gudu in ya jiƙe. Na ce Baba to ya zan yi? Ya ce ka ɗaure shi ta tsawo kafin ka matse shi ta kauri. Gaskiya ya faɗa. Da yake karayar a karkace take, kana matsawa kan zai nemi zamewa gaba. In kan ya cire gaba ɗaya, ka ratsa zirin roba ta ramukan kunnuwa ka ja shi zuwa maɓallin maɗauri na gindin gitar ya riƙa jan kan zuwa ga wuya, ba da ƙarfi sosai ba, daidai yadda zai hana shi gudu. Amma ka sa tsumma ƙarƙashin robar duk inda ta taɓa fenti, fentin Gibson na asali irin wanda ake ce ma nitro ne, roba na cinshi ta bar tabo, na Epiphone da sauran kwafi fentinsu mai tauri ne ba su damu ba, duk da haka ka sa tsumman.

To an zo wurin. Ka liƙa salatif gefe da gefen layin don kare fenti. In tsaga ce mai bakin kada, ka buɗe ta kaɗan da hannu, kaɗan fa, kar ka ƙarasa karya abin da ya rage, ka sa tsinken ashana ya tokare, ka ɗura kol da sirinji tun daga can ƙuryar tsagar kana fitowa. In ya yi kauri ya ƙi bin allura ka ɗiga mishi ruwa ƙalilan, kashi 5 cikin 100 kar ya wuce, in ka tsinka shi da yawa ƙarfinshi ya tahi. Ka cire tsinken ka riƙa buɗewa kana rufewa a hankali kamar zuga-zugin maƙeri, za ka ga kol na shiga shina fitowa, haka yake kaiwa inda buroshi bai kai ba. In kan a cire yake ka shafe fuska biyun da buroshi, ko'ina ya jiƙe, ɓallin da ka adana cikin kwalin ashana ka maida kowane gurbinshi. Ka haɗa, ka sa leda tsakanin gita da guntayen katako don kar su manne, ka matse.

Matsi ba kokawa ba ne. Ka juya har ka ga kol ya fito siriri a duk tsawon layin kamar gumi, layin ya rufe, ka tsaya nan. In wani gefe bai fitar da kol ba alama ce wurin bai samu ba ko matsin bai kai ba, ka gyara tun da sauran lokaci. Ka goge abin da ya fito da jiƙaƙƙen tsumma, ka leƙa ramin goron ƙarfe ka share shi da auduga a tsinke, sannan ka dubi kan daga sama ka tabbata bai karkace hagu ko dama ba, bayan minti goma ka sake dubawa don a nan ne yake zamewa a ɓoye.

Daga nan sai haƙuri. Masu kol ɗin sun ce haɗin da zai ɗauki nauyi a bar shi cikin matsi awa 24, ni kwana biyu nike bari, in damina ce iska na da laima in ƙara guda. Kar ka kai ta rana wai ta yi saurin bushewa, inuwa cikin ɗaki inda yara ba su shiga. Bayan ka kwance matsi ma ka ba ta wasu kwana uku kafin tsirkiya, na san akwai biki ranar Asabar, ka ari ta wani. Ranar ɗaurawa ka maida kunnuwa, ka sa tsirkiyoyin ka ɗaure su rabi, ka bari ta kwana, ka bi layin da farce, in shiru ne ka kai su cikakken sauti.

Gyaran fuska kuma ya danganta da kai. Busasshen kol da ya rage ka kankare da sabuwar reza, ka naɗe gefunanta biyu da salatif ka bar tsakiya kaɗai don kar ta ci fenti. In akwai ƴar kwarin da yatsa ke ji, a fenti mai tauri nan ne super glu ke da amfani, ka ɗiga shi cikin layin ya bushe ka kankare ka sake har ya cika, ka bi da sanfefa 600, 1000, har 2000 da ɗan ruwa, ka goge da man goge mota. A fentin nitro kar ka kusantar da tina ko abin goge farce, narkewa yake. Layin zai ɗan nuna, ni ban damu da ɓoye shi ba tunda babban yatsa bai jin komi, kuma in za ka sayar da gitar ka gaya ma mai saye an taɓa gyara ta, haƙƙinshi ne.

Saura gajerar karayar nan irin ta rake, da wadda aka taɓa ɓatawa. Ita ma mannewa za ka fara yi kamar yadda na faɗa, don kan ya zauna daidai, sannan a fafe kwari biyu a bayan wuya, ɗaya hagu ɗaya dama da sandar ƙarfe ba tare da an taɓa ta ba, faɗin kowane wajen milimita 6, tsawon ya ƙetare karayar da santimita huɗu ko biyar ta kowane gefe, a sassaƙa ƙashin katako da zai shiga cif-cif ba girgiza, zarenshi na bin tsawon wuya, a manne, in ya bushe a sassaƙe shi ya bi zagayen wuyan. Busasshen madaci na tsohuwar ƙofa ko tsohon gado ya yi, in ka samu mapul daga mataccen wuyan wata gita ya fi. Ɗanyen katako kar ka soma, hunturu na zuwa zai tsuke ya bar giɓi. Wannan aikin in hannunka bai saba da cizal ba ka tahi da gitar wurin kafintan da ka san shina da natsuwa, ka zauna kusa da shi, ka nuna mishi inda ƙarfen yake, ka ce mishi ba kusa ba bis. Kusa ba ta haɗa zaren katako, tsaga shi take ƙara yi, kuma wurin da ma ba shi da naman da zai riƙe ta. Na ƙanena haka muka yi, muka kankare super glu da allura da reza kwana da kwanaki, Araldite mai jinkiri, ƙashi biyu na madaci, da ita yake kiɗa har yau.

Tunda ka sha wannan wahalar kar ka sake jingina ta da ampli ko bango, ko minti guda ne ka kwantar da ita cikin jakarta. Kar ka bar ta cikin mota a rufe da rana tsaka, zafin ciki na tausasa kowane irin kol har na masana'anta. Ko cikin akwati mai tauri kai na karyewa in akwatin ya faɗi, don nauyin kunnuwan ne ke fizgar kan baya, saboda haka ka cusa tsohuwar riga ƙarƙashin kan da samanshi ya zauna daram. In za ka hau kabu-kabu da ita a baya ka tuna kan ya fi kanka tsawo, rumfunan kasuwa da ƙofar zaure ba su san da shi ba, ni riƙe ta nike a gaba tsakanina da mai babur, in tafiyar mai nisa ce kamar Tasawa ko Madarunfa in sassauta tsirkiyoyin tun daga gida.